Dangwalen Mutanen Bakin Gota

A Bakin Gota ba a murnar ganin hadari. Unguwa ce a cikin Zongon Kumasi da ta zauna a gefen wani rafi wanda ya daɗe da daina zama rafi, ya koma ƙatuwar gota mai ɗauke da ledoji da ruwan wanke-wanken rabin gari. Da rani wari yake ba su, da damina kuwa ɗakuna yake shiga ba sallama. Shekarar da ya ci mutum biyar, cikinsu har da Baba Osmanu mijin Mma Hawa'u mai koko, a shekarar ne mutanen unguwar suka ce sun gaji da maza masu alkawari, suka zaɓi Zuleha ʼyar Malam Rafiu ta wakilce su a majalisar gari.

Zuleha malamar makaranta ce, tana koyar da Turanci da lissafi a wata Islamiyya mai zaman kanta. Mijinta ya rasu da daɗewa, ta dawo gaban mahaifiyarta Mma Ruwaida, a gidan da marigayi Malam Rafiu ya bari, mai babban zauren da rabin dattawan unguwar suka yi karatun allo a cikinsa. Kujerar da aka ba ta ba albashi gare ta. Moto ɗaya aka ba ta, wato babur, sai suna, don kowa ya koma kiranta Asembili, wato ʼyar majalisa. Ita ma abu ɗaya ta yi musu alkawari. Ta ce ba za ta buɗe baki a majalisa da maganar da ba ta ji daga bakinsu ba, kuma duk abin da aka faɗa a can za ta dawo ta faɗa musu, mai daɗi da mara daɗi.

Ta kuwa cika. Duk Asabar ɗin farkon wata sai a jera benci a ƙofar zauren, ta tsaya da littafinta ta karanta musu abin da ta nema da abin da aka hana ta. Wani lokaci har dariya suke mata, don abin da aka hana ta ya fi yawa. Amma suna zuwa. Baba Sherif mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya taɓa cewa a gaban kowa, "Yarinyar nan ko ba ta kawo mana nama ba, tana kawo mana labarin inda naman ya tafi."

Sama da ita akwai Onarabul Nuruddin, ɗan majalisar ƙasa, wanda yake kan zangonsa na uku a Ankara, babban birnin ƙasar. Shi ma ɗan Zongo ne, a zauren Malam Rafiu ya sauke. Yanzu sai Sallah ko babbar jana'iza ake ganinsa, cikin farar shadda, yana kiran kowace tsohuwa da sunanta. Wata Talata ya aiko a kira masa Zuleha ofishinsa, a saman wani bene bakin titi.

"Ƙanwata, kukanku ya kai inda ake so," in ji shi, yana tura mata kwalbar lemo. "An samu masu ba da kuɗin gina babbar magudana, ta kankare, daga gada har ƙasa. Amma mutanen nan ba sa jin kuka, takarda suke ji. Suna so su ga cewa masu gidajen da kansu ne suka nema."

Ya miƙo mata takardu. Zuleha ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta bi shafin farko layi-layi. Koke ne mai kyau, yana cewa mu mazauna Bakin Gota muna roƙon a gina mana magudana don a tsare rayukanmu. Sauran shafukan ba komai a kansu sai gurbin suna, lambar gida da dangwale, a ƙasan kowanne kuma wurin sa hannun shaida.

"Yaya, akwai gidan da za a taɓa?"

"Ko bulo ɗaya."

"To a ƙara shi a rubuce mana, don hankalin mutane ya kwanta."

Ya yi dariya har yana dafa tebur. "Haba Zuleha. Malam Rafiu ne ya rubuta min Fatiha a allo. A zauren nan na sha bulala har na zama mutum. Ni zan kai masa katafila? Ko so kike in dafa miki Alƙur'ani?"

Kunya ta kama ta. Ta ce a'a, ba sai ya dafa ba. Gaskiyar magana ita ce ta ƙosa. Shekara biyu tana kai maganar gotar nan majalisa ana ce mata babu kuɗi, yau ga shi an ce akwai. Mai jin ƙishirwa ba ya cika duban ƙasan kwarya.

Sati uku ta yi tana bin gidaje bayan an tashi daga makaranta, da kwalin tawada a jaka. A kowane gida sai ta karanta shafin farko da Turanci, ta juya shi da Hausa, inda ake bukata ta juya da Tonanci, harshen ʼyan asalin garin. Mutane suka riƙa dangwalawa suna sa mata albarka. Mutum ɗaya ce ta yi mata gardama, Mma Hawa'u.

Tsohuwar daga arewa ta zo tun tana budurwa, da girma ta koyi Hausa, don haka ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Zuleha ta same ta tana tace gero.

"Ni ba na sa hannu a takarda," in ji ta. "Takarda ba ya da kunya. Yau ya ce wannan, gobe ya ce wancan."

"Mma, na karanta da idona. Magudana ce kawai. Da tana nan, da Baba Osmanu bai tafi ba."

Tsohuwar ta goge hannu a zani, ta miƙo babban yatsanta. "To kai ka riƙe ka danna. Ba takarda na ba ba, kai na ba."

Zuleha ta riƙe yatsan, mai kaushi kamar ɓawon rogo, ta tsoma a tawada ta danna. Da na Mma Hawa'u dangwale ya cika ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta sa hannu a ƙasan kowane shafi, ta kai wa Onarabul da kanta.

Wata bakwai ba a ji komai ba. Ranar wata Laraba ta dawo daga makaranta ta tarar da unguwa a tsaye. Wasu mutane sun zo da rakiyar ʼyan sanda, sun bi gidajen da ke gefen gota sun shafa musu jan fenti, kowane bango da ranar da za a fita. Ƙafa ɗari daga bakin ruwa, hagu da dama. Zauren Malam Rafiu ma ya sha nasa, jan fentin yana zubowa ta kan ƙofar da aka sassaƙa tun kafin a haife ta.

Ba ta gama karanta ranar ba aka miƙo mata waya. Bidiyo ne daga majalisar Ankara. Ga Onarabul Nuruddin a tsaye, ya ɗaga takardu sama, yana zuba Turanci. Ya ce yana alfahari da mutanensa. Ya ce mazauna Bakin Gota, don kishin ƙasa, sun yarda da kansu su tashi daga hanyar ruwa ba tare da neman diyya ba, tunda dama ba su da takardar izinin gini. Ya ce ga yatsunsu nan ɗari biyu da goma sha huɗu, wakiliyarsu ce ta tattara, ita ce shaida. Aka riƙa buga tebur ana yaba masa.

Washegari ta je ofishin injiniyoyi ta nemi ganin fayil. Shafukan dangwalen nata ne, har da inda tawada ta ɗiga a shafi na shida. Shafin farko ne ba nata ba. An cire koken an sa wata takarda mai cewa mun amince mu tashi. A bayan fayil ɗin kuma akwai zane: magudana a tsakiya, jerin shaguna ɗari da ashirin a gefenta, da tashar mota.

Kwana huɗu tana zarya kafin ta same shi. Bai ko nuna mamaki ba.

"Zauna, ƙanwata."

"Ba zama na zo yi ba. Ka canza takarda."

"Na gyara takarda. Waccan da kika karanta ba wanda zai ba da kwabo a kanta. Magudana fili take so. Ke malamar lissafi ce, ta ina kankare zai bi in gidaje suna kan hanya?"

"Sai ka faɗa musu gaskiya su zaɓa! Sai a nema musu wurin zama, a biya su. Na ga zanen, Yaya. Magudanar ƙafa talatin take ci. Sauran saba'in ɗin shaguna ne."

Ya jingina, ya dube ta kamar mai duban ɗalibin da ya kasa harafi. "Matsalarki kin ɗauka wakilci aike ne. A ce miki je ki faɗa, ki je ki faɗa, ki dawo ki ce an ƙi. Shekara nawa kina haka, me kika kawo musu? Ni mutum dubu ɗari nake ɗauke da su, ke gida ɗari biyu. Makiyayi ba ya tambayar garke inda za a kwana."

"Ba dabbobi ba ne. Su suka ɗora ka."

"Kuma su za su sake ɗora ni, ki zuba ido." Ya ɗauki wayarsa, alamar an gama. "Abu ɗaya zan tuna miki. Sunana ba ya kan ko shafi ɗaya. Naki yana kan ashirin."

Ta kai maganar majalisar gari. Ta tashi ta ce an yaudari mutanenta, tana neman a dakatar da rusau har a yi bincike. Shugaban zaman ya ce aikin daga sama ya zo, amma in akwai mai mara mata baya a tattauna. Ta juya ta dubi ɗakin. Mutum arba'in da wani abu, wasu ta je sunan ʼyaʼyansu, wasu ta tsaya musu a nasu koken. Wannan yana duba waya, wancan yana gyara hula. Ba wanda ya ɗaga hannu. Aka wuce zuwa maganar kuɗin shara.

Duk da haka ranar Asabar ta jera benci kamar kullum. Ba a taɓa cika irin ta ranar ba. Ta tsaya a ƙarƙashin jan fentin ta faɗa musu komai, ba ta rage ba, har da cewa ta nemi a rubuta ba a rubuta ba, ta kuma yi shiru don kunya. Ta ce laifinta ke nan, ta roƙi gafara, ta ce akwai lauyan da ya yarda ya kai maganar kotu in sun haɗa kai. Mutane suka fara sassautowa. Wata mata har ta ce, "Ai ita ma gidan ubanta yana ciki."

A nan ne Baba Sherif ya miƙe da waya a hannu.

"Asembili, ina da tambaya. Tun safe takardar nan take yawo a wasap, sunayen waɗanda aka raba wa sababbin shaguna. Ni ban iya boko sosai ba. Karanta mana lamba bakwai."

Ta karɓi wayar. Jerin sunaye ne da hatimi, yawanci ʼyan jam'iyya da dangin Onarabul. A lamba bakwai an rubuta Zuleha Rafiu, shago mai ƙofa biyu, a kusurwar da ke kallon tasha.

"Wallahi ban nema ba. Wallahi yau na fara ganin wannan."

"Saa?" in ji Baba Sherif da Tonanci, yana gyaɗa kai. "Haka ne? To mu me ya sa ba a yi kuskure da namu sunan ba?"

Ba a yi ihu ba. Da an yi ma da ya fi mata sauƙi. Mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki bencin da ya kawo. Maganar kotu a nan ta mutu, don ba wanda zai sake sa yatsa a takardar da ta fito daga jakarta.

Katafila biyu suka zo ranar Litinin da hantsi, sojoji da ʼyan sanda a gaba. Waɗanda suka yarda za a zo sun riga sun kwance kwanon rufi da ƙofofi. Waɗanda suka ce Onarabul ba zai bari ba, su ne aka ga suna gudu da katifu da tukwane a ka. Zuleha ta tsaya a gaban katafilar farko da gyalenta, tana ɗaga katin majalisa. Wata ʼyar sanda ta kama ta a hannu ta ja ta gefe, ba da ƙarfi ba ma, kamar mai kawar da kujera.

Ta ga zauren mahaifinta ya faɗi. Bugu uku aka yi masa. Allunan da ba a gama kwashewa ba suka watse cikin ƙura, Mma Ruwaida tana zaune a kan akwati a bakin titi, ta rufe fuska da mayafi. Can ƙasa kuma Mma Hawa'u ta ƙi fita, ta zauna a kan babbar tukunyar kokonta, sai da maza biyu suka ɗauke ta da tukunyar gaba ɗaya suka ajiye a titi.

Mutane ba su iya taɓa soja ba, ba su iya taɓa katafila ba. Zuleha ce a kusa. Ba ta ga wadda ta fara ba, sai dai ta ji sanyi da wari sun rufe ta tun daga kai: bokitin ruwan gota ne. Na biyu ya biyo. Mata suna kiranta mai shago, suna tambayarta ko ta fara oda. Matasa suka ja motonta tsakiyar titi suka cinna masa wuta. ʼYan sandan suna tsaye suna kallo, don ba ita aka turo su tsarewa ba. Ta tsaya baƙin ruwa yana ɗiga daga haɓarta, ta ga ɗalibanta a cikin masu kallo, ta ga iyayensu. Ba ta gudu ba, don ba ta san inda za ta nufa ba. Gida dai babu.

Kwana biyu bayan haka Onarabul Nuruddin ya iso daga Ankara da manyan motoci biyu, ɗaya katifu, ɗaya buhunan shinkafa, da masu ɗaukar hoto. An kafa rumfa a filin makarantar gwamnati inda mutanen suke kwana a cikin azuzuwa. Ya bi su ɗaki-ɗaki, ya durƙusa gaban tsofaffi, ya cire tabarau ya share ido. Ya aika a kira Zuleha, aka ce mata zai wanke ta a gaban jama'a. Mma Ruwaida ta ce ta je, almajirin Malam ne, ba zai rasa tsoron Allah gaba ɗaya ba. Ta je.

Ya karɓi makirfo. Ya ce yana Ankara yana faɗa dominsu, bai san abin da ake yi a ƙasa ba. Ya ce takarda aka kawo masa da sa hannun wadda suka zaɓa da kansu, shi kuma ya yarda da ita kamar yadda suka yarda. Ya ce ya ji ana maganar shago, amma shi ba zai tona asirin kowa ba, Allah ne mai hisabi. Sannan ya yafito ta, ya tsayar da ita a gefensa.

"Jama'ar Annabi, don darajar Malam Rafiu, ku yafe mata. Mace ce, kuma ƙanwarmu ce. Nauyin ne ya fi ƙarfinta. Ni na yafe mata."

Aka yi kabbara. Zuleha ta miƙa hannu za ta karɓi makirfon, ya miƙa wa wani a bayansa kamar bai gani ba, mai lasifika ya saki waƙar kamfen. Tana magana, tana nuna shi da yatsa, bakinta yana motsi, ba mai ji. A bidiyon da ya bazu da yamma kamar roƙo take yi. Mutane kuwa sun riga sun ja layin katifa.

Kafin wata ya ƙare mai makarantar da take koyarwa ya kira ta. Ya ce ba shi da komai da ita, amma iyaye sun fara cire yara, ta ɗan huta tukuna. Ba a sake kiranta ba. Ita da mahaifiyarta suka kama ɗaki ɗaya a Asawase, a gidan haya mai banɗaki ɗaya na mutum talatin. Mma Ruwaida ta fara tari da ba ya tsayawa.

Duk cikin abin da ya same ta, Mma Hawa'u ce ta fi tsaya mata a rai. Ta yi tambaya har ta gano an kai ta Tafo, wurin wata jikar ƙanwarta. Ta hau trotro, motar haya, ta je. Ta same ta a wani ɗan ɗaki bayan gareji, kwance a kan katifar Onarabul, ko ledar ba a cire ba. Ta rame, ba koko, ba masu saye, ba kabarin mijinta kusa.

Zuleha ta durƙusa. "Mma, na zo ki yafe min. Ban ci amanarki ba, yaudarata aka yi."

"Na sani," in ji tsohuwar, ba ta juyo ba. "Na san ba ka nemi shago ba. Tun kana yaro na san ka."

Zuciyar Zuleha ta buɗe. Mutum na farko ke nan da ya yarda da ita. "To ki yafe min, Mma."

"A'a."

"Mma?"

"Nuruddin maƙaryaci ne, kowa ya sani. Da shi ya zo ƙofana da takarda, da na kore shi da muciya. Shi ya sa bai zo ba, ya aiko kai. Kai ka yi boko. Kai ka san irinsa. Ka ji kunya ka tambaye shi, ba ka ji kunya ka kawo mana ba." Ta yi tari, ta ja zani. "Tafi. In mun haɗu gaban Allah sai mu ƙarasa."

Bayan sati shida ta rasu. Onarabul ne ya aiko da likkafani da buhun shinkafar sadaka, aka yi ta sa masa albarka. Zuleha ta je gaisuwa, matan da ke zaune suka ƙi matsa mata wuri a tabarma, ta gaishe su a tsaye ta fito.

Aka gina magudanar, kuma ba laifi ta yi kyau. Damina ta zo da ƙarfi ruwa bai shiga ko'ina ba, sai dai waɗanda aka gina ta dominsu ba sa wurin. Wasu suna Tafo, wasu sun koma arewa, wasu sun kafa bukkokin katako a gefen wata gotar can gaba. Zaɓe ya zo a Disamba, Onarabul ya sa hoton magudanar a kowace fosta, ya ci da ratar da bai taɓa samu ba. Baba Sherif ne ya jagoranci mahauta wajen taya shi murna.

Shagunan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ban da lamba bakwai. Sakatariyar Onarabul, wata Fareeda, takan kira Zuleha duk bayan sati biyu, cikin ladabi, ta ce Anti, makullinki yana nan. Zuleha takan kashe wayar. Ta nemi koyarwa a makarantu huɗu, duk inda aka ji sunan sai a ce za a neme ta. Ta fara soya ƙosai a ƙofar gidan hayar, amma labari ya riga ta zuwa, ʼyan Zongo suka riƙa tsallake ta suna saye a gaba.

Ranar da likita ya ce tarin Mma Ruwaida yana son magani na wata shida da ɗaki mai iska, tsohuwar ta kira ʼyarta suna dawowa a trotro.

"Zuleha, ki je ki karɓa."

"Mma, in na karɓa ƙaryarsa ta zama gaskiya."

"A wurin wa take ƙarya yanzu? An watsa miki ruwan gota a kansa, an ƙona motonki a kansa, an kore ki aiki a kansa. Kin biya kuɗin shagon nan da abin da ya fi kuɗi. Ni dai na gaji da bin layin banɗaki, ʼyar nan. Ban ce dole ba."

Tsohuwar ta juya tana kallon titi, tana danne tari da bakin mayafi don kada fasinjoji su tsargu.

Zuleha ta yi kwana tara tana juya maganar. A na goma ta sa baƙar abaya, ta ja mayafi har goshi, ta hau benen. Ɗakin jira cike yake da masu neman aiki da masu neman taimakon asibiti, da yawansu ʼyan Bakin Gota. Suka gane ta, suka daina hira. Ta zauna tun ƙarfe tara har aka yi azahar, aka yi la'asar. Onarabul yana ciki, tana jin dariyarsa, amma bai kira ta ba. Daga ƙarshe Fareeda ta fito da makulli a cikin ambulan, ta kira sunanta da ƙarfi a gaban kowa, har da lambar shagon.

Zuleha ta miƙe ta kai hannu. Fareeda ba ta saki ambulan ɗin ba.

"Yi haƙuri Anti, Oga ya ce sai an ɗauki hoto. Ɗan ɗaga mayafin kaɗan, fuskarki ba ta fita."

Zuleha ta dubi ƙofar fita, ta dubi ambulan ɗin. Sannan ta ɗaga mayafin.

"Yawwa," in ji Fareeda. "Ɗan yi murmushi."